Hular Habu

Tun da aka kafa dokar mantuwa, duk wanda aka yi wa rasuwa allura ake yi masa ranar sadakar uku, ya manta da mamacin da duk abin da ya shafe shi. Kubura ta ƙi zuwa. Ta shiga ƙungiyar asiri ta masu riƙon matattu a zuci, ba wanda ta gaya wa sai Sallau, aminin marigayi mijinta Habu.

Da hantsi ta fito za ta kai hular Habu maɓoyar ƙungiya. A bakin lungu ta tarar da masu allura, Sallau na tsaye bayansu.

"Kai ne, Sallau?"

"Shekara tara ina son ki, Kubura. Yana raye na haƙura. Yanzu kuma da gawa zan yi takara?"

"Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Kafin azahar kin manta kin faɗa."

Da la'asar tana zaune a tsakar gida, tana jujjuya wata hula da ba ta san mai ita ba, Sallau ya yi sallama. Ta miƙa masa da murmushi.

"Gwada mana, kamar za ta yi maka."