Kwamfutar Auta

Sau biyu Injiniya ya karanta takardar, sannan ya ɗago ya dubi tsohuwar da ta kawo ta shagonsa na haɗa kwamfuta. Duk kayan da aka lissafa na masu hali ne, ita kuwa kuɗin keken ɗinkinta da ta sayar ne kawai ƙulle a bakin mayafinta.

"Mama, wannan ko rabi ba zai kai ba. Wa ya rubuta?"

"Autana. Kwamfutar wasa yake so."

Injiniya mutum ne mai raba nasiha kyauta, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba. Nan take ya shiga zancen yaran zamani da iyayen da ke sangarta su, ya ce ta koma gida ta ce masa babu.

"Auta ba a ce masa babu," in ji ta. "Ni dai awa ɗaya nake nema, ɗan nan. Ka haɗa mini wadda za ta zaunar da shi awa ɗaya cur, bai tashi ba, bai waiwaya ba."

Ya yi dariya, ya ce lallai yaro ya hana ta sakat. Ita ba ta yi dariyar ba.

Suka fara zaɓe. Akwatin kwamfuta mai fitilu kala-kala shi aka fara sokewa, aka ɗauko wani baƙi mai lotsattsen gefe. Ƙwaƙwalwar kwamfutar ta hannu ce. Ram guda biyu, 'yan sassan da ke sa kwamfuta sauri, ya zaro daga wata matacciyar kwamfutar ofis, ya hure musu ƙura, ya rantse sun fi sababbi lafiya. Duk ta amince. Da ya miƙa hannu saman kanta zai sauko da kwali, sai ta maƙe, ta kare fuska da hannunta mai lanƙwasassun yatsu biyu. Ya ce ta kwantar da hankalinta, kwalin ba zai faɗo ba.

A kan katin da ke fitar da hoto suka fara saɓawa. Ya nuna mata mai araha, ya ce aibinsa ɗaya, in ya yi zafi yakan ɗauke bayan kamar minti ashirin.

"In ya ɗauke fa?"

"Sai ya tashi ya sha iska, ya dawo."

Ta ture shi gefe kamar garwashi. Ta ɗauki mai fanka biyu, wanda ya lashe kusan rabin abin da ta zo da shi.

Sannan ta tambayi abin da zai faru in an ɗauke wuta. Ya ce akwai batirin da ke riƙe kwamfuta, amma sai dai ta haƙura da babban allo. Ta haƙura. Injiniya ya girgiza kai, don bai taɓa ganin wanda ya zaɓi batir ya bar allo ba. A ransa ya yanke cewa tsohuwar ba ta san me take yi ba, kuma ya ji tausayinta ƙwarai.

Abin sawa a kunne kaɗai ta ce sai sabo, kuma mafi girma, mai rufe kunne ruf. Ta sa ya ɗora a kansa, ya kunna wasan harbe-harbe, ya juya mata baya. Ta ja kujerar ƙarfe a kan siminti tun daga bango har bakin ƙofa, da ƙarar da ta sa maƙwabcinsa mai gyaran waya leƙowa. Ta buɗe ƙofar, ta rufe. Injiniya bai motsa ba sai da ta taɓa kafaɗarsa.

"Me ka ji?"

"Ba komai, Mama."

"To, naɗe mini."

Da ya haɗa, ba ta tafi ba. Ta zauna tana duban agogon bango, wasan yana ta gudu, har awa ɗaya ta cika ba ko gardama. Sai a lokacin ta saki numfashi, ta sa masa albarka.

Kwana uku ta bari Auta ya saba da kwamfutar. Tebur ɗinsa yana falo, yana fuskantar bango, kuma ta bayansa ake bi daga ɗakin ƙurya zuwa ƙofar fita. A rana ta huɗu, da rana tsaka, ta ajiye masa abinci da ruwa a gefen dama inda hannunsa zai kai, ta tsaya har ya rufe kunnuwansa, har aka fara harbi. Tsoro ya cika ta. Motar babbar 'yarta tana jira a kan kwana, kuma awar ta fara tafiya.

Da bakin wuƙa ta kwance kusoshin da ke riƙe da kwaɗon ɗakin ƙurya. Wari ya tarbe ta. Ta ɗaga mijinta, wanda yanzu bai fi nauyin tulin wanki ba, ta zaunar da shi a keken marasa lafiya, ta sa yatsa a baki alamar kada ya yi magana. Ƙafafun keken suna kuka, ta tura shi a hankali ta tsakiyar falo.

Haka suka wuce, taku biyu kacal daga faffaɗan bayan Autanta mai shekara talatin da shida, wanda ya karya mata yatsu, ya garƙame mahaifinsa shekara biyu, ya kuma rantse cewa in tsohon bai sa hannu ya bar masa gidan ba, sai dai gawarsa ta fita ta ƙofar nan.