Sunan da Alhaji Ya Daina Kira

Liyatu ta goge kunun da ya zubo ta gefen bakin Alhaji Badaru, ta miƙa masa wani cokalin. Ya kau da kai wajen taga. Bayanta kamar zai ɓalle, ƙafafunta sun kumbura, ga shi tun safe ko shayi ba ta kurɓa ba.

Cocinsu na Jos ne ya turo ta Dubai koyon aikin mishan, ɓangaren kula da masu nakasa. Dokar aikin a fili take: ba wa'azi, sai wanki, ciyarwa da tura keken marasa lafiya. Sauran 'yan koyo duk suka ruga makarantar yara kurame, inda ake yini ana wasa. Ita kuwa tun da ta ji an ambaci sunan Alhaji Badaru, wani tsohon ɗan kasuwar Kano da ɓarin jikinsa ya shanye yana tsakiyar lodin kaya a Port Saeed, bakin ruwan Dubai, ta kafe sai shi. Kowa ya ce neman wahala ne kawai, kuma ba su yi ƙarya ba.

Da farko abin ya zo da sauƙi. Hankalinsa bai gama dawowa ba, baki a karkace, amma kullum sai ya ce, "Sannu, Sista Liyatu," irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwar kirki. Kununta ma ya karɓe shi, don marigayiya uwarta, wadda ta yi zaman aure a Kano kafin ta koma Jos da ita a goye, ta koya mata damu irin na Kanawa. Sai dai duk sa'ad da ya gaishe ta haka, ba ta jin daɗin gaisuwar.

Wata Juma'a ta tura shi har ƙofar masallacin unguwarsu ta Al Khabaisi, inda Mu'awiya, abokin cinikinsa, yake karɓarsa ya shiga da shi. Ta durƙusa gyara masa takalmi, hannun rigarta ya zame. Alhaji ya daɗe yana kallon tsohon tabon ƙunar da ke wuyan hannunta, wanda ta samu tun tana rarrafe. Sannan ya kalli fuskarta.

Daga ranar bai sake kiran sunanta ba. Sai "ke", sai "waccan". Ba ya haɗa ido da ita, godiya ma ta ɗauke ƙaf.

Ana haka Sista Annamma, 'yar Indiyar da ke duba aikin 'yan koyo, ta zo zagaye. Alhaji ya gaishe ta da suna, ya kira Mu'awiya da suna, har maigadin bene ya tambaya da suna. Da ya zo kan Liyatu, bango ya kalla.

"Ke, ruwa."

Sista Annamma ta ja ta waje.

"Mutumin nan ba ya son ki, Liyatu. Bakinsa ya buɗe wa kowa, ke kaɗai ya ware. Ko gicciyen wuyanki ne, oho. Dubi yadda kika rame. Gobe ki koma wajen yara, magana ta ƙare."

"Don Allah Sista, ki bar ni a nan."

"Ba ni dalili ko da guda."

Liyatu ta jingina da bango. Ta gaji da wanki, ta gaji da zafin Dubai, amma ɓoye-ɓoyen nan ya fi komai gajiyar da ita. Idan aka ɗauke ta gobe, shi ke nan, ta zo a banza.

Sai muryar Alhaji ta fito daga ɗaki, a hankali, kalma na jan kalma:

"Mu'awiya, ce wa waccan ta zo ta ci abinci. Tun safe ba ta sa komai a ciki ba."

Hawaye suka zubo wa Liyatu, tana murmushi.

"Ba ƙina yake yi ba, Sista. Lokacin da yake kiran sunana, baƙuwa ce ni a wurinsa. Tun da na zo nake addu'ar ya daina. A Kano, dattijo irinsa ba ya kama sunan 'yarsa ta fari."