Daron Dorathy

"Dorathy, koma ki zauna!" in ji Zacharia, wan mijinta, yana riƙe da bakin daron da ke kanta. "Ba komai a ciki. So kike a yi mana dariya?"

"Sakar mini, Yaya."

Ranar godiyar kaka ce a cocinsu da ke Mubi. Kowane gida na fitowa da rawa, ana kai masara da gyaɗa gaban bagade. Ita kuwa da damina ambaliya ta share gonarta, ta kuma tafi da mijinta Elkana yana ƙoƙarin ƙetare mayo, wato kogi.

Ta fizge daron ta shiga layi. Matan zumunta suka sassauta kiɗan tulu. Wata ta raɗa cewa faɗa za ta yi da Allah a gaban jama'a, Fasto ma har ya fara tasowa.

Dorathy ta dire daron tsakanin buhuna. Ta tuɓe takalmi, ta shiga ciki, ta tsaya cak.

"Ubangiji, kowa ya kawo abin da gona ta ba shi," ta ce da ƙarfi. "Ni na kawo abin da ruwa ya kasa ɗauka. Ba kuka na zo yi ba. Karɓi, naka ne."

Sai ta ɗora hannu a cikinta, wanda dangin miji suka yi shekara da shekaru suna yi mata gorin rashin haihuwa a kansa, ta dubi Zacharia ido cikin ido.

"A buga tulun nan da kyau. Mu biyu ne a ciki."