Wuƙar Inna

Mai kawo kayan miya ya tsaya a ƙofar kicin ɗin gidan abincin, hula a hannu.

"Ranki ya daɗe, maganar aurenmu fa? Har yau ba ki ce komai ba."

Shugabar masu girkin ba ta ɗago ba. Wuƙar marigayiya mahaifiyarta take wankewa da ruwan ɗumi, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Kowa a kicin ɗin ya sani, ko da wasa ba a taɓa wuƙar nan.

Ta juyo, ta miƙa masa ita ta wajen ƙota.

"Goge min. Ba a barinta da danshi, tsatsa take yi."

Ya karɓa da hannu biyu, ya bi bayanta da tsumma. Ƙarfen ya sha wāshi har ya sirance, yana sheƙi kamar ruwa.

"Ni kika ba wa?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Daga Inna sai ni muka taɓa riƙe ta." Ta sunkuyar da kai. "Ka shafa mata mai, sannan ka je ka turo manyanka."