Ranar da Maikano Ya Kama Kapiten

Zabin Ya Fanna ne suka fi kowa shan wahalar wannan sana'a. Tun da mijinta Malam Maikano ya yi ritaya ya dawo Diffa daga Kwatano, inda ya shekara ashirin yana aikin takardu a tashar jiragen ruwa, babu zabuwar da ta sake kwana da cikakken gashi a gidan. Sai ya fige gashin, ya ɗaure a ƙugiya da zare, wai kifi zai zaci ƙwaro ne.

Wani Bature da ya yi wa aiki ne ya koya masa a bakin teku, ya kuma bar masa sandar, doguwa siririya mai lanƙwasa kamar tsumagiya. Da ita yake tsayawa a gaɓar kogin Komadugu, ya yi ta kaɗa igiya gaba da baya a sama kafin ya sake ta kan ruwa. Manoman tattasai suka raɗa masa Mai Bulalar Ruwa.

Kuma ba ƙaramin kifi yake nema ba. Giwan ruwa yake so, wanda shi da sauran 'yan boko ke kira kapiten da bakin Faransa. Shekara uku ko tarwaɗa bai kawo gida ba, amma dalili bai taɓa ƙare masa ba. Yau ruwa ya yi kauri kamar kunu. Gobe iska ta biyo ta gefen da bai dace ba. Jibi ya ce a teku sai ruwa yana cikowa kifi ke cin ƙugiya, shi kuwa Komadugu sau ɗaya yake cika a shekara, to laifin wa?

Ya Fanna 'yar masuntan Bosso ce, ta tashi cikin raga da ƙugiyoyi, ta san duk wannan tatsuniya ce. A cikin gida ita ce kan gaba wajen tsokanarsa. Amma a waje abin yana ci mata rai. Ranar wani suna maƙwabciyarsu Gaji ta miƙo mata banda a gaban mata, ta ce ta kai wa Malam ya tuna kamannin kifi. Aka yi dariya, ita ma ta yi, ta dawo gida ta kasa cin abinci.

Maikano ya ji labarin. Washegari ya faɗa a majalisa, gaban kowa, cewa kafin ruwan bana ya janye zai kawo kapiten gidansa, in ya kasa a daina gaishe shi. Sai da ya faɗa ya tuna ruwa ya riga ya fara ja.

Ran Alhamis da hantsi ya sauka can ƙasan gari, inda ciyawa ta fi tsayin mutum kuma ake hango Najeriya a ƙetare. Babu kowa sai Abatcha mai garkar tattasai yana fama da injin ban ruwa, da wata motar sintiri ta jandarma a inuwar tsamiya. Iska tana kaɗawa da ƙarfi. Maikano ya yi bisimilla, ya wurga igiya baya da duk ƙarfinsa, ya fizgo. Sandar ta lanƙwashe har ta kusa karyewa.

Kafin azahar Abatcha ya jefar da kekensa a ƙofar gidan, yana haki, Hausarsa na cakuɗewa da Barbarci.

"Ya Fanna, Malam ya kama kapiten."

Ta tambaye shi girmansa. Ya ce ya fi shi tsayi, ya ninka shi ƙiba, sai da jandarma biyu suka kama aka sa shi a mota. Ta tambaya ko da ransa. Ya ce da ransa ƙwarai, ai shi ne abin tsoron. Malam ya ce ta wasa wuƙa ta tafasa ruwa, ƙugiyar ta shige sosai, kuma duk Diffa babu mai hannunta a wannan aiki.

Ya so ya ƙara magana, amma ta riga ta shige ciki tana hawaye. Shekara uku tana jiran wannan rana, ba don kifin ba, don mutumin da ta aura ya sake ɗaga kai a gari.

Ta wasa wuƙa. Ta aro babbar tukunyar biki, ta daka tattasai da albasa har ƙamshin ya tsallake katanga. Sannan ta ɗaura sabon zane ta bi gida-gida tana gayyata, ta fara da gidan Gaji. Ta ce kowa ta zo da kwanonta. Kafin a jima tsakar gida ta cika, 'yan majalisa kuma sun jeru a zaure, kowa na cewa shi dama bai taɓa shakka ba.

Da motar ta tsaya mata suka ɗauki guɗa. Maikano ne ya fara saukowa. Ya dubi taron, ya dubi tukunyar, ya dubi wuƙar da ke hannun matarsa. Ya matso kusa da ita ya rage murya.

"Ya Fanna, me ya tara mutanen nan? Na rantse masa gidanmu babu kowa, shi ya sa muka biyo nan, ba asibiti ba."

A bayansa wani ƙaton mutum cikin kakin jandarma ya sauko a hankali, galo uku, alamar muƙamin kapiten, a kafaɗarsa, ya dafe kunnensa na hagu, gashin zabuwa yana lilo a tsakanin yatsunsa.