Sunan 'Yar Fari

Tun da aka buɗe ɗakunan saurare a kowace unguwa, duk wanda ciwon damuwa ya kwantar can ake kai shi, ya zauna gaban wata fitila mai magana ya amayar da abin da ke cinsa. Zulai ke kai Inna duk Talata, don tun rasuwar Baba ta daina ci, ta daina hira.

Zulai ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunanta ba. Kullum "ke" ce, ko "waccan".

Ran nan ƙofar ba ta rufu sosai ba. Daga benci Zulai ta jiyo Inna tana kuka, can kuma sai dariya.

"Zulaihatu ce ta riƙe ni," in ji Inna. "Ba don ita ba da tuni na bi shi."

Fitilar ta ce, "Sake faɗin sunan, Inna."

Ta sake, a hankali, kamar mai lasar zuma.

Zulai ta miƙe daga benci. Ita ke dama kunu, ita ke wankin zannuwa, amma fitilar gilashi da waya ce ta samu abin da ta girma tana jira.

Inna ta fito fuska a sake, ta ce, "Ke, tsayar mana da abin hawa."

Washegari Zulai ta koma ita kaɗai, ta ja ƙofa ta zauna.

"Me ke damunki?" in ji fitilar.

"Lafiyata lau. Kin iya muryar Inna?"

"Na iya."

"To kira ni."