Ƙofar da Aka Sakaya

"Wai in mutum ya rufe shafi, ba ya fita ke nan ba?"

Ɗalha ne ya yi tambayar a zaure wata ranar Lahadi, abokin mijin Bahijja, daidai lokacin da ta durƙusa bayan labule tana ajiye musu kwanon abinci. Mijin nata, Mikail, mai gyaran kwamfuta a Jakara, ya yi dariya. Ya ce sakaya ƙofa daban, kulle ta daban. In ba ka danna "fita" ba kana nan ciki ko shekara za a yi, duk wanda na'urar ta faɗa hannunsa kuma ya shigo maka ɗaki ba sallama.

Bahijja ta koma cikin gida da sauri.

Watanta biyar da tarewa a Soron Ɗinki. Mikail in ya fita da safe sai magariba, in ya dawo ma maganarsa ba ta wuce "sannu da gida". Gidan ya rage daga ita sai mahaifiyarsa, Hajiya Kande, Bafulatanar asali mai tsananin kawaici, wadda ko Mikail, ɗanta na fari, ba ta yi wa doguwar magana. Sau ɗaya suka taɓa zama tabarma ɗaya da Bahijja, ranar da Bahijjar ta saita mata sabuwar waya don jin tafsiri. Ko a ranar "an gode" kawai ta samu.

Shi ya sa ta koma yi wa Innarta rubutu. Inna ta rasu shekara biyu kafin bikin, amma akwai wani shafin ajiye rubutu da ke haɗe da imel ɗin Bahijja, nan take zube mata komai bayan azahar. Miyar kukarta ta yi gudaji. Mikail bai ce girkin ya yi daɗi ba. Surukarta ba ta taɓa kallon idonta ba, da alama ba ta sonta.

Sati uku da suka wuce ta buɗe shafin ta tarar da layin da ba ita ta rubuta ba, ba aya ba waƙafi:

"kukar miya a hankali ake kaɗawa na ido kuwa sharewa ake yi"

Ta yi ta'awizi ta kife wayar. Washegari kuma ta sake buɗewa. Tun daga nan duk abin da ta rubuta sai ta sami amsa kafin la'asar, gajeriya, mai kurakuran rubutu. A kan Mikail aka ce mata yaron nan baki ne ba shi da shi, ta duba kwanonsa ta gani ko yana ragewa. Ta duba, ba ya ragewa. A kan surukarta aka ce wani shirun kunya ne, ba ƙi ba. Bahijja ba yarinya ba ce, ta san matattu ba sa rubutu. Ta dai ƙi tambayar kanta ne, don a duk faɗin Kano wannan ce muryar da ke amsa mata.

Yanzu maganar zaure ta yaye mata labule. Ta tuna shagon da ta duba sakamakon jarrabawarta kafin aure, ta shiga imel a kwamfutarsu, ta rufe shafi ta yi tafiyarta. Ke nan wani ƙato ne can yake karanta sirrin matar aure? In Mikail ya ji, da wane baki za ta yi bayani?

Ta zauna bakin gado tana lalube a waya har ta gano wurin da ke nuna waɗanda suka shiga imel ɗinta. Na'ura biyu ne ke cikin asusun: wayarta, da wata wayar, a Kano, kuma a lokacin ma tana ciki. Ƙarƙashinsu ga wurin dannawa: fita daga ko'ina. Dannawa ɗaya, asirinta ya rufu. Dannawa ɗaya, gidan ya koma shirunsa na da.

Ta ga rashin ladabi ne ta tafi ba sallama. Ta rubuta cewa ta gode, amma za ta kulle ƙofa.

Amsar ta daɗe ba ta zo ba, kamar mai rubutun da yatsa ɗaya yake neman haruffa.

"ki kulle yarinya hakkinki ne amma ki riƙa cin abinci kin rame yaron nan ma ya lura"

Ta ɗora yatsa. Sai ta tsaya. Mutumin shago ina ya ga ramarta?

Ta ja shafin sama, tana bin amsoshin ɗaya bayan ɗaya tun daga ta farko. Ita ta rubuta sunan mijinta ya fi sau hamsin. Mai amsawar ko sau ɗaya. Yaron nan. Yaron nan. Shi wancan ɗin.

Sannan ta tuna ranar tabarma: sabuwar wayar ta ƙi buɗewa sai da imel, mai wayar kuma ba ta da shi, sai Bahijja ta sa mata nata.

Bahijja ta janye yatsanta, ta kife wayar, ta ƙudure a ranta ba mai jin wannan magana, ko Mikail, ko ita mai maganar. Ta ɗaga labulen taga kaɗan. Can a inuwar rumfa tafsiri ya daɗe da yin shiru, kuma mace ɗaya tilo a Soron Ɗinki da bakinta ba ya kiran sunan Mikail tana zare tabarau, tana goge ido da gefen mayafi.